Gyara Bakwai a Takardar Uwaisu

Motata tana garejin Malam Dabo a bakin titin Gwarzo, a ɗage kan jak, babu tayoyin gaba. Yau kwananta uku a haka. Kanikawa biyu sun duba ta, kowannensu ya san abin da ke damunta, kuma kowannensu ya ƙi sa mata hannu don girmama ɗayan. Ɗaya daga cikinsu shi ne mutumin da iyayensa za su zo neman aurena ranar Asabar, idan na ce su zo. Yau Alhamis.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Zinnira, shekarata ashirin da shida, ni ce wakiliyar wani gidan rediyo na Kano a yankin Gwarzo da Kabo. Kafin nan na yi shekara biyu a jarida, inda aka koya min cewa duk maganar da baki ɗaya ya faɗa ba labari ba ce tukuna, sai an ji ta daga baki na biyu. Wannan koyarwar ce ta jefa ni inda nake.

Motar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Malamin gona ne, ya yi shekara ashirin yana zaga ƙauyuka da ita. Ta girmi ƙanwata. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai ta ciki, kujerar direba kuma ta lotsa daidai jikin Baba, sai na ɗora filo nake ganin hanya. Amma da ita nake zuwa Getso da Madadi da Gammo in ɗauko muryoyin mutane. In babu ita babu aikina, domin gidan rediyon ba ya ba wakilai abin hawa, kuma motar haya ba ta jiranki ki gama hira da manomi.

Uwaisu kuwa bakanike ne a Kabo. Wata goma sha ɗaya ke nan da ya fara zuwa zance gidanmu, duk Juma'a bayan la'asar, cikin farar shadda da hula zanna, da hannayen da ya wanke har sun yi fari-fari amma bakin farcen ya ƙi fita. Ba shi da surutu. Ina son hakan.

Ranar Asabar da ta wuce na kai masa motar, saboda tun a hanyar dawowa daga Getso take wata ƙara ƙwas-ƙwas duk lokacin da na karya kwana. Ya shiga ƙarƙashinta ya yi minti arba'in. Na duba agogo. Da ya fito sai ya yago kwali ya yi rubutu a bayansa, ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba.

Abu bakwai. Tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa taya da sitiyari, ya ce ya cinye. Bututun man birki yana tsiyaya. Sai shokan baya, da bel, da wanke lagireto, da salansa da ta fashe. Na bakwai ya ja masa layi biyu: a sauke inji a canza ringi. A gefe ya rubuta, sati uku.

"Sati uku?" na ce.

"In an samu kayan da wuri."

"Malam Uwaisu, ƙara ɗaya na kawo maka."

"Ita ƙarar ce ta yi magana. Sauran shiru suka yi." Ya goge hannu da tsumma. "Ki bar ta nan. Kada ki sake hawa da ita hanyar ƙauye sai an gama. Ladan aiki ba na so, kin sani."

Ban bar ta ba. Na ce sai na yi shawara a gida. Ya hau babur ya biyo ni a baya tun daga Kabo har ƙofar gidanmu a Gwarzo, duk lokacin da na wuce gudun kilomita arba'in sai ya danna min hon. Masu sayar da gasasshiyar masara a bakin hanya suna ta kallonmu.

Ranar Lahadi da hantsi Gwaggo Furera, yayar Baba, ta zo. Ta zauna kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta zame mayafinta zuwa kafaɗa, ta sa na karanta mata takardar sau biyu tana gyaran zogale.

"Bakwai," ta ce. "Motar da ta kawo ki gida da ƙafarta?"

"Ya ce akwai haɗari, Gwaggo."

"Ubanki shekara ashirin, bisimilla da ruwan jarka kawai yake ba ta. Ko sau ɗaya ba a sauke mata inji ba. Ke Zinnira, ki buɗe ido. Mutumin da ya kalli lafiyayyar mota ya samo mata cuta bakwai, in aka ba shi ke nawa zai samo?"

Baffa Jibirin, ƙanin Baba, wanda shi ne waliyyina, yana zaune a kujerar roba yana shan fura. Ya ajiye ludayi.

"Yaya, ki bar yaron nan. Na gama bincikena. Na tambayi limamin unguwarsu, na tambayi maƙwabta, har wanda suka taɓa yin faɗa da shi na tambaya. Injin ban-ruwana ma shi ya tayar da shi bayan mutum uku sun ce in zubar."

"To ka aura masa injin."

Baffa bai kula ta ba, ya juyo wajena. "Iyayensa sun ce Asabar. Ni ban amsa ba. Ranar Juma'a in na sauko daga masallaci zan biyo, ki faɗa min da bakinki, su zo ko su dakata. Ba zan sake tambaya ba."

Masu karatu, bari in faɗa muku abin da ban faɗa musu ba. Ni ba tsoron cuta nake ba. Mutumin da ya ce ba ya son ladan aiki me zai ci a jikin ringi? Abin da ya tsaya min shi ne sati ukun nan. Muna tsakiyar Agusta. Yanzu ne ruwa yake cin gonaki, yanzu ne kwalbatoci suke karyewa, yanzu ne edita yake kirana kullum da safe. Kuma ina da abubuwa uku a rubuce. A watan Mayu Uwaisu ya ce, "Wannan yawon ƙauyen bai gajiyar da ke?" A Yuni ya ce, "Ba su da aikin cikin ofis ne?" A Yuli, ranar da na maƙale a laka kusa da Madadi har manoma suka turo ni, bai ce komai ba, kuma shirun ya fi sauran tsawo.

Tambayar da nake son amsarta ita ce: motar yake so ya ajiye, ko ni?

Tambayarsa kai tsaye ba ta zo min a rai ba. Baki na biyu na tafi nema.

Ranar Litinin ƙarfe tara na sa hijabi mai ruwan toka, na ɗauki jakar aiki, na kai motar garejin Malam Dabo. Na zaɓe shi ne saboda dalili uku: dattijo ne, a Gwarzo yake ba a Kabo ba, kuma ban taɓa jin sunansa a bakin Uwaisu ba. Ku riƙe na ukun nan.

Na same shi zaune a kan benci yana wanke wani ƙarfe a cikin kwanon fetur, da tabarau ɗaure da zare.

"Salamu alaikum. Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yata. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya aiki, ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya mutan gida? Wannan ai motar Malamin gona ce. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan."

Na ce amin. Na ce wani ne ya duba min ita ya lissafa gyare-gyare, ina so in san wanne ne dole, wanne ne zai jira. Ban faɗi suna ba, shi ma bai tambaya ba. Na kwafe abubuwan a littafina don kada ya ga rubutun.

Ya ɗaga gaban motar. "Zo nan. Ba na son in faɗa miki, na fi so hannunki ya faɗa miki. Kama tayar nan, hannu ɗaya nan, ɗaya nan. Girgiza."

Na tattare hijabi na girgiza. Tayar ta yi lakwaf-lakwaf kamar haƙorin da ya kusa fita.

"Sitiyari ya motsa?"

"A'a."

"To taya tana zuwa inda take so, ba inda kike so ba. Rami ɗaya mai kyau ya ishe ta. Da wannan kike zuwa Getso?"

"Har Madadi."

"Allah yana sonki."

Ya sa na leƙa ƙasa, ya shafo wani siririn bututu ya nuna min yatsansa a jiƙe. Man birki. Wannan ma yau, in ji shi, ba gobe ba. Bel ya tsattsage, a canza a makon nan. Shoka da lagireto gaskiya ne, amma za su kai bayan girbi idan ban ɗora mata buhuna ba. Salansa kuwa, ya ce, maƙwabtana kawai take cuta.

Ina rubutawa ina jin wani abu kamar kunya. Shida cikin shida. Saura na bakwai, wanda na ajiye a ƙarshe da gangan, domin haka aka koya mana: tambaya mai nauyi sai mai magana ya saki jiki.

"Bari in cire tayoyin ki ga cinyewar da idonki," ya ce.

Ya cire ta dama, ya cire ta hagu. Ya sa tsumma ya goge lakar da ta daskare a kan wani babban noti. Sai ya tsaya. Ya gyara tabarau. Ya sake gogewa.

A kan notin akwai ɗigo biyu na shuɗin fenti.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Baba, saura maganar inji. An ce wai sai an..."

"'Yata, wa ya ɗaure wannan?"

Na faɗa masa Uwaisu ne, a wani gyara da ya taɓa yi min.

Ya ajiye sifana a ƙasa a hankali. Ya shiga ɗan ɗakinsa na kwano ya fito da wani ƙaramin gwangwani, ya buɗe min. Shuɗin fenti.

"Duk notin da na ɗaure ɗigo ɗaya nake sa masa, don in mota ta dawo in san aikina. Wanda na yaye yana sa biyu. Mutum huɗu ne a duniya suke sa biyu. Uwaisu shekara tara ya yi a nan, a kan bencin nan yake cin abinci."

Wata goma sha ɗaya Uwaisu yana ba ni labarin wanda ya koya masa aiki. Maigida ya ce kaza, Maigida ba ya son kaza, Maigida ya taɓa korar wani mai tirela. Ko sau ɗaya bai kama sunansa ba, kamar yadda ba zai kama sunan mahaifinsa ba. Ni kuma, da nake tambayar manomi sunansa da na ubansa da na unguwarsa kafin in kunna rikoda, ban taɓa cewa wane ne Maigidan ba. Na ɗauka a Kano yake.

"Baba, don Allah kada ka kira shi."

Ya riga ya danna. Ya sa a sifika, saboda kunnensa ɗaya ba ya ji sosai.

"Maigida, barka da hantsi. An tashi lafiya?" Na ji muryar Uwaisu ta canza, na san ya miƙe tsaye.

"Lafiya lau. Akwai motarka a nan. Ta Malamin gona."

Sai Uwaisu ya tambaya:

"Ita ta kawo?"

"Ga ta nan tsaye."

"To Maigida, a gyara mata. Hannunka ya fi nawa."

"Ka san ba na sa sifana a kan aikin da ɗana ya fara. Ka zo ka ɗauki abarka."

"Maigida, motar da ta shiga garejinka ni wane ne da zan fitar da ita? A ce na karɓe aiki daga hannunka?"

"To tana nan."

"To Maigida. Allah ya ƙara girma."

Suka kashe waya, kowa ya gamsu da ladabinsa. Na ce to a mayar min da tayoyina in tafi.

"Bayan na ga wannan tayarod ɗin? In mayar miki ki hau titi? Ko ubanki ne ya dawo ba zan mayar ba."

"Injin fa, Baba? Dole ne a sauke shi yanzu?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Shi ya ji kukan injin, shi ya rubuta. Ba zan yi masa gyaran rubutu a gaban mai mota ba. Ki tambaye shi."

A babur na koma gida, da jakar rikoda a cinya.

Saƙon farko ni na tura wa Uwaisu, bayan azahar: "Ban san shi ne Maigida ba."

Ya amsa: "Na sani."

"Aikina ne ya saba min da tabbatarwa."

"Na gane. Allah ya taimaka."

Talata babu saƙo. Ruwa ya cinye gonakin gero a wani ƙauye bayan Getso, na yi hirar ta waya, edita ya ce muryar kamar daga cikin rijiya. Laraba na tura masa: "Ina kwana." Ya amsa da cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar jikin Inna, kamar wasiƙar neman aiki. Motar bai ambace ta ba.

A wannan Larabar Gwaggo ta dawo, da sabuwar atamfa da fara'a. Ashe matar Malam Dabo ƙawarta ce tun ta makarantar allo.

"Ke, ashe yaron nan ranki ya ceta! An ce tayar saura ƙiris ta fice. Ni dama tun da na gan shi na ce wannan ba maƙaryaci ba ne."

"Gwaggo, ranar Lahadi kika ce..."

"Ranar Lahadi ban ci abinci ba. Ke kuma da shegen bincike, kin je kin kunyata shi gaban ubangidansa. Sai ki san yadda za ki ba shi haƙuri."

Yau da safe na sa baƙar abaya da ɗankwali ruwan goro, na shiga motar haya zuwa Kabo. Mu huɗu a baya, da kaji biyu. Na same shi shi kaɗai, rabin jikinsa a cikin wata akori-kura. Muka gaisa har ƙarshe, babu wanda ya tsallake ko layi ɗaya. Ya jawo min benci ya shimfiɗa kwali a kai.

"Na yi kuskure," na ce. "Kai ya kamata in fara tambaya."

"To tambaye ni."

"Shida na gani da idona. Na bakwai. Dole ne yanzu?"

Ya ɗauki wani noti yana juya shi a tafin hannu.

"Tana shan baƙin mai. Kin sani, duk sati biyu kina ƙarawa. Ringin ya gaji."

"Ba ita na tambaya ba. Dole ne yanzu?"

"Ban rubuta ƙarya ba, Zinnira."

"Malam Uwaisu."

"Zai kai," ya ce. "In kina duba mai, zai kai."

"Zai kai yaushe?"

"Wata shida. Wataƙila takwas."

"Amma ka ja masa layi biyu."

"Na matso da shi ne."

"Saboda?"

Ya ajiye notin. Wannan karon ya kalle ni.

"Saboda sati uku ruwa ya ja baya. Ranar da kika maƙale a Madadi, wani mai babur ne ya ba ni labari, a nan, yana dariya. Wai wata 'yar rediyo da tsohuwar mota. Da rafin ya kawo a lokacin fa? Na ce tunda dai sai an sauke injin, gara a sauke shi yanzu, kina gida."

"Da sai ka ce min kana tsoro mana."

"Da kin zauna?"

"A'a."

"To kin gani."

Abin haushin shi ne a natse ya faɗa, kamar yana bayanin bel. Bai ga inda ya yi laifi ba, kuma ni ma sai da na lalubo shi kafin in riƙe. Tayar gaskiya ce. Birkin gaskiya ne. Da ban kai masa ba, wataƙila da yanzu wani ne yake karanta labarina a rediyo. Amma ya ɗauki abin da ya sani, wanda ni ban sani ba, ya yanke min inda zan kasance na sati uku, ya miƙo min a bayan kwali.

"Ina da tambaya ɗaya," na ce. "Ba ta mota ba ce. Idan iyayenka suka zo, aka yi komai aka gama, damina ta sake zagayowa, edita ya kira ni ya ce Madadi. Zan ɗauki makulli in tafi, ko za a samu wani abin da ya gaji?"

Ya buɗe baki. Daidai nan mai akori-kurar ya iso da sallama da ƙorafi, wai tumatirinsa yana ruɓewa. Uwaisu ya miƙe ya ce min, "Ina zuwa." Na ba shi minti ashirin da biyar. Kansa bai fito daga cikin injin ba. Na tafi.

Da na dawo gida na tarar Gwaggo ta sa an sayo fulawa da man gyaɗa, ta baje a tsakar gida za a yi dubulan na baƙin Asabar. Inna ta fito da labulen da take ɓoyewa. Babu wanda ya san maganar na bakwai sai ni da shi, da Malam Dabo, wanda na tabbata ya gane tun ranar Litinin.

Ƙarfe biyar saura kwata saƙon Uwaisu ya shigo: "Na roƙi Maigida. Gobe da safe zan je mu yi shidan tare a garejinsa. Injin a bar shi sai kin ce."

Na rubuta: "Na gode. Tambayata fa?"

Ya karanta ƙarfe biyar da minti biyu. An yi magariba bai amsa ba. Baffa Jibirin yana saukowa daga masallaci gobe ƙarfe biyu da rabi.